Ƙarar da Ta Shiga Kunnen Sawudatu

Ranar Asabar bayan sallar La'asar, a wani gidan biki a unguwar Kalpohin, a ƙasar Dagomba, makaɗan Taurarin Kukuo suka koma kan dandamali don zagaye na biyu. Sawudatu, babbar mawaƙiyarsu, ta gyara ɗaurin kanta, ta cusa abin kunnenta, ta ɗaga makirufo. Mai ganga ya doka sanda sau ɗaya. Sai Sawudatu ta ƙwalla ƙara, ta yar da makirufon, ta durƙushe riƙe da kunnuwanta biyu. Kafin magariba likita ya faɗa wa 'yan'uwanta cewa kunnen dama zai warke, na hagu kuwa sai an jira an gani.

Shekara guda ke nan da ƙungiyar ta daina jera sifikoki a gaban ƙafafun makaɗa. Yanzu kowane ɗayansu, su shida, yana da 'yar risiba da ba ta fi sabulun wanka girma ba, maƙale a ƙugu, da siririyar waya da ke bin baya ta hau zuwa kunnuwa. Wahid mai kula da sauti yana zama can baya gaban miksa, na'urar haɗa sauti, yana aika wa kowa abin da yake son ji, wannan muryarsa, wancan ganga, wancan fiyano. A cikin kowace risiba akwai wani abu da suke kira birki, shi ke hana ƙara wuce abin da kunne zai iya ɗauka. Da aka miƙa wa Abdul-Baki, shugaban ƙungiyar, risibar da Sawudatu ta yar, sai ya tarar an ƙure ƙarfinta har ƙarshe, birkin kuma a kashe. Ya zuba ta a aljihu, bai bari kowa ya sake taɓa ta ba.

Mutanen garinmu ba sa ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Kowa ya san al'adar ƙungiyar: in aka kira salla, makaɗa su cire abin kunne saboda alwala, kowa ya jefa nasa a aljihu, risibobin kuma a tara su a faranti ɗaya. Kowa kuma ya san wadda ake bar wa farantin. Lamisi ce, mai amshi, 'yar garin Bolga, Kirista, ita kaɗai ce ba ta tashi salla. Ita ce kuma ta karɓi makirufon da aka tafi da Sawudatu asibiti, ta rera waƙoƙin har aka tashi, kuma abin da ya fi ɓata mata suna shi ne ta rera su da kyau. Kafin hantsin Lahadi, masu koko da masu yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku na haya, duk sun gama shari'ar. Abdulgafaru, yayan Sawudatu, ya ce ya ba ƙungiyar wa'adi zuwa Laraba, in ba su miƙa yarinyar ba shi zai kai ta wurin 'yan sanda da kansa.

*

Ranar Litinin da safe Abdul-Baki ya je kara, kasuwar shanu, neman Ɗankande. Dattijo ne siriri, jikan fataken da suka zo da goro da kanwa suka zauna. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata, har ta kai in akuya ta ɓata ko zobe ya salwanta a gidan suna shi ake kira. Ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, kuma yana da wata ɗabi'a mai ƙona rai: sai ka gama zuba masa labari kaf, ya tambaye ka abin da ba shi da alaƙa da labarin.

"Baba, hujja kawai nake so," in ji Abdul-Baki. "Kowa ya san wadda ta yi. Amma ba na son in miƙa mace ga folis hannu ba komai."

"Kai ka gan ta?"

"Ban gan ta ba. Ina sahu."

"To kowan nan da ya sani, shi ma yana sahu ko?"

Ɗankande ya ɗauko kekensa daga jikin bango, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ce a nuna masa abin da ake magana a kai, domin shi tun da yake bai taɓa ganin rediyon da ake sa wa mutum ɗaya kaɗai ba.

*

Kayan ƙungiyar suna wani shago a Kukuo. A nan suka tarar da Wahid, saurayi mai tsabta da tsari, irin wanda ke naɗe waya kamar zai ba da ita kyauta. Idanunsa sun faɗa, kamar bai yi barcin kirki ba. Ya jera risibobi biyar a kan tebur, Abdul-Baki ya ciro ta shida daga aljihu. Duk baƙaƙe ne iri ɗaya, sai guntun salatif mai launi da aka manna a murfin batirin kowace. Ja ta Sawudatu, rawaya ta Lamisi, kore ta dattijo Mba Andani mai kaɗa lunga, haka dai.

"Sa mini in ji," in ji Ɗankande.

Wahid ya ba shi rawayar, ya cusa masa abin kunne, ya saki wani tsohon kiɗansu da aka ɗauka. Dattijon ya zaro ido. Abdul-Baki ya yi masa magana daga nesa da taku biyu, bai ko waiga ba. Da aka cire, ya sosa kunne ya ce, "Ashe in mutum ya sa wannan ya bar duniya. To kowa abin da yake ji daban?"

"Daban, Baba. Kowace risiba tana da layinta, kuma tana riƙe ƙarfin da mai ita ya bari. Ko ka cire batir ka mayar, a nan za ka same ta."

"Wa ya iya kashe birkin?"

"Ni. Oga Abdul-Baki ma ya ɗan iya. Sai an danna maɓalli biyu tare, a shiga ciki."

"Ranar Asabar fa?"

"Da aka kira salla na canza batir kamar kullum, na miƙa wa Lamisi faranti, na tafi alwala." Ya dubi mai jan salatif. "Wallahi, Baba, ba haka na bar ta Sawudatu ba."

Ɗankande ya ɗauki mai jan salatif, ya juya ta gaba da baya. Murfin ya zame a hannunsa, Wahid ya ce ai na hannu suka saye su daga Kumasi, tun zuwansu murafen ba a haɗe suke ba. Dattijon ya mayar da murfin, ya maƙala risibar a bakin aljihun rigarsa, ya saki. Ta sulale, da ƙyar ya tare ta da gwiwa. Ya gwada rawayar, ta kama tam. Ya gwada koren, ita ma ta kama. Sai ya sunsuna yatsunsa, ya goge su a gefen riga, ya tambayi Wahid ko a masallacin unguwa suka yi sallar ko a gidan bikin.

"A bakin gidan aka shimfiɗa tabarmi."

"Ka samu jam'i?"

"Na samu raka'a uku."

Abdul-Baki ya dubi rufin shago, yana tunanin ko ya yi kuskuren kiran tsohon nan.

*

Lamisi tana haya a wani gidan tsakar gida a unguwar Bulpiela. Da Ɗankande ya yi sallama, matan da ke wanki a bakin famfo suka amsa, suka nuna masa ɗakin da haɓa, babu wadda ta kira sunanta. Ya same ta zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Bayanta akwai jakunkuna biyu a ɗaure. Uwar gidan ta riga ta ce ta nemi wani wurin, ba za ta zauna da mai mugun hannu ba.

"Baba, shekara huɗu ina cikin band ɗin nan," ta ce, da Hausarta ta kasuwa. "Duk salla ni ne ke tsaron kaya. Waya, jaka, makulli, duk ni. Allura bai taɓa ɓata ba. Yanzu sun ce ni na kashe kunnen Sawudatu."

"An ce an gan ki riƙe da jar."

"Gaskiya ne, na riƙe shi. Rana ya zo kan faranti, na ɗauka zan kai inuwa, jan ya faɗo ƙasa. Na ɗauka, na share da zane na, na mayar. Shi ke nan. Birkin da suke faɗi ɗin nan, ban san inda yake ba koraa, ko kaɗan."

"Kun yi faɗa da ita?"

Ta sunkuyar da kai. "Mun yi. Wata biyu da ya wuce. Akwai waƙa da na yi, oga ya ba ta ta rera. Na yi fushi, na faɗa mata magana a gaban mutane. Amma har mun ci abinci kwano ɗaya bayan nan."

"Da aka tafi da ita, me ya sa kika hau?"

"Oga ya ce in hau. Amarya na zaune, mutane sun cika. Da na ƙi, za su ce na ɓata biki. Na hau, sun ce na ji daɗi." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu. "Ni ba folis ne ya fi damuna ba. Uwata na Bolga, ana kira ta a waya ana faɗa mata."

Ɗankande ya ji tausayinta har cikin ransa, amma bai nuna ba, don ya sha ganin ɓarawon saniya yana kuka fiye da mai saniyar. Ga dalili a hannunta, ga dama, ga shaida. In da a nan zai tsaya, da ya gama aikinsa tun kafin azahar. Ya ce mata kada ta kwance jakunkunan, kada kuma ta ɗauke su, ta jira Laraba.

*

Sawudatu tana gidan yayanta, kwance a falo da auduga a kunnen hagu. Sai da Ɗankande ya zauna ta damanta sannan suka iya magana. Abdulgafaru yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙirji, fuska a murtuke.

"Ba na son in zarge ta, Baba," in ji Sawudatu a hankali. "Amma in ba ita ba, wa?"

"Bar wannan tukuna. Faɗa mini daga lokacin da kika idar da salla."

"Na zo na ɗauki tawa a faranti, mai ja. Na jona waya. Na ji wani shuu a ciki, mai yawa, na ce ko iska ce. Na so in yi wa Wahid alama, sai risibar ta zame daga zanena, na tsaya gyara ta. Na maƙala, ta sake zamewa. Sai na tura ta cikin ɗaurin zanen kawai. Ina ɗagowa aka buga ganga." Ta runtse ido. "Kamar an harba bindiga a cikin kaina."

"Da safe ta zame?"

"A'a."

"A sauran bukukuwa fa?"

"Shekara guda ba ta taɓa ba."

Abdulgafaru ya yi tsaki. "Malam, ƙanwata na iya rasa kunne, kai kana tambayar zane?"

"Haka ne," in ji Ɗankande, ya miƙe yana neman takalmansa. "Allah ya ba ta lafiya."

*

Washegari da hantsi Ɗankande ya tura kekensa zuwa tsohuwar unguwar Kukuo, gidan Mba Andani. Andani maroƙin gado ne, uba da kaka duk masu lunga, wato kalangun Dagomba. Abdul-Baki ya ɗauko shi ne don ya sa wa kiɗan zamani gishirin gida, kuma gaskiya rabin masu gayyatar ƙungiyar saboda shi suke gayyatar ta. Yana zaune a gindin darbejiya, ya ba hanya baya, lungar a cinyarsa, yana shafa wa tsirkiyoyinta man kaɗe.

Ɗankande ya tsaya daga baya ya yi sallama. Shiru. Ya matso, ya gaishe shi da Dagbanci, "Dasiba." Shiru. Kaza ta gitta, tsohon ya kore ta da ƙafa. Sai da inuwar baƙon ta faɗo kan lungar sannan ya ɗago, fuskarsa ta washe, ya amsa da "Naa, naa," ya jawo masa kujera, ya tambayi gida da shanu da gajiya. Duk tsawon gaisuwar, idonsa na kan bakin Ɗankande.

Suka taɓa hira. Andani ya ce shi da farko bai so abin kunnen nan ba, amma yanzu ya saba. A kan binjimarsa, wato rigar saƙi ta Dagomba, yana ɗaure da wata tsohuwar ɗamarar fata mai kauri, ta gado, wadda ta sha man kaɗe har ta yi baƙi. A gefen dama fatar ta lotsa, wuri ɗaya, faɗin yatsa biyu.

"A nan kake maƙala taka?" in ji Ɗankande, yana nunawa.

"A nan."

"Ranar Asabar bayan La'asar ma?"

Tsohon ya ci gaba da shafa mai. "Ranar nan a aljihu na sa shi."

"Mutane sun ce Lamisi ce."

"Yarinyar kirki ne," in ji Andani. Ya kawar da kai wajen gonar masara da ke bayan gida.

Ɗankande ya yi sallama ya tafi. A hanya bai hau keken ba, turawa ya yi ta yi, ransa ba daɗi. Ya gano sawun, amma bai so inda ya kai shi ba.

*

Ranar Laraba da safe suka taru a shagon: Abdul-Baki, Wahid, Andani, mai ganga da mai jita, Sawudatu da yayanta. Lamisi ta zo ƙarshe, ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya ce mata ga wuri. Ɗankande ya jera risibobin shida, ya roƙi Sawudatu ta ɗauki tata ta maƙala a zane.

Ta ɗauki jar, ta maƙala. Ta sulale.

"Gwada koren."

Ta gwada, ta kama kamar an ɗinka.

"Mba Andani, ara mini ɗamararka." Sai da ya maimaita yana nuna ƙugu sannan tsohon ya kwance ta ya miƙa. Ɗankande ya tura jar a wurin da fatar ta lotsa, ta shige daidai. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Ku dubi ƙarfen maƙalawar. Bakinsa ya buɗe har yatsa na shiga. Zanen mace ba ya buɗe ƙarfe haka, ko shekara goma za ta yi tana sawa. Ku sunsuna kuma. Man kaɗe ne da fata, ba turare ba. Wannan mai jan murfi ba ta Sawudatu ba ce, ta Andani ce. Tata ga ta nan da koren murfi. Ba wanda ya ƙara wa risibar Sawudatu ƙarfi, ba wanda ya kashe mata birki. Murfi ne ya sauka a kan wadda ba tasa ba."

Ya juya wajen Wahid, muryarsa ba ta canza ba. "Ɗana, batiran nan ɗaya bayan ɗaya kake canzawa?"

"Kullum ɗaya bayan ɗaya."

"Ranar Asabar fa, da ka ji an tayar da iƙama?"

Wahid ya dafa tebur. Sannan ya ce, "Na buɗe su duka shida a tare. Don in samu jam'i." Ya dubi Sawudatu. "Tana ƙwalla ƙara na gane. Wallahi a take na gane."

"Ka gane," in ji Abdul-Baki, "ka bar mu kwana huɗu muna zagin yarinya?"

Abdulgafaru ya matso. Shi ba mutum ne da ake rufe wa baki da rabin magana ba. "Tsaya. Murfi ya sauya, na ji. To me ya sa tun farko akwai risibar da ba ta da birki, an ƙure ta har ƙarshe? Wa ke jin irin wannan ƙara bai mutu ba?"

Wahid ya sunkuyar da kai. "Ni na kashe."

"Don me?"

"Ba zan faɗa ba. Ku kai ni folis ɗin."

Ɗankande yana da amsar, amma ya ga ba bakinsa ya kamata ta fito ba. Andani yana ta bin fuskoki da ido, daga wannan zuwa wancan, har ya tsaya kan Wahid, ya ga hawaye na ɗiga a kan tebur. Sai ya miƙe, ya riƙe binjimarsa da ta saki saboda babu ɗamara.

"Ban ji abin da kuke faɗi ba," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke bukata. "Shekara biyu ke nan ba na ji sosai. Na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Ni na roƙi yaron nan ya buɗe mini abin har ƙarshe, na sa ya rantse ba zai faɗa ba. Mai lunga da ba ya ji, wa zai kira shi? Ranar Asabar na sa abin a kunne, ban ji komai ba, ya ƙi shiga ɗamara na, na san ba nawa ba ne. Ƙafar mai ganga na yi ta kallo har aka tashi. Da yamma yaron ya zo zai faɗa wa oga. Ni na hana shi. Na ce maganar zai wuce."

Sawudatu ta dafe audugar kunnenta, tana kallon tsohon. Abdulgafaru ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai fara da shi, ya koma ya zauna.

*

Abdul-Baki ya shiga ba Lamisi haƙuri, yana haɗa Hausa da Dagbanci da Turanci. Ta bar shi har ya gaji.

"Ba a nan aka ɓata ni ba, oga," ta ce. "A gidanmu ne. A can za ku faɗa."

Haka aka yi. Da azahar yalo-yalo biyu suka tsaya a ƙofar gidan na Bulpiela, Ɗankande na biye a kan keke. Matan gidan suka fito, uwar gida ta fito, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Abdul-Baki ya yi bayani, Wahid ya faɗi nasa da bakinsa ba tare da ya rage komai ba. Sawudatu ta ratsa mutane ta kama hannun Lamisi ta riƙe. Uwar gidan, wadda kwana huɗu ba ta amsa gaisuwar yarinyar ba, ta fara cewa ai ita dama tun farko zuciyarta ba ta yarda ba.

Wahid ya matso ya ce, "Lamisi, ki yafe mini."

"Kullum kai kake miƙo mini farantin nan da hannunka," ta ce. "Ba yau ba, Wahid. Wataƙila wata rana, amma ba yau ba."

Ya koma baya, bai yi musu ba.

Sai Andani ya fito tsakiyar gida. A ƙasar Dagomba yaro ne ke tsugunna wa babba, haka aka tarar, haka ake yi. Tsohon nan mai shekara saba'in, wanda sarakuna suka san kiɗansa, ya tattara binjimarsa, ya tsugunna a gaban 'yar Bolga, gwiwoyinsa na ƙara, ya sunkuyar da kai. Wata mata ta ce, "Subhanallahi." Lamisi ta ja da baya a firgice, sannan ta zube ƙasa ita ma, ta yi ƙasa fiye da shi.

"Mba, tashi," ta ce. "Na yafe."

Kansa na ƙasa, bai ga bakinta ba. Bai motsa ba.

"Na yafe, Mba," ta sake cewa.

Yana nan tsugunne, yana jira. Ta dubi Ɗankande. Dattijon ya taɓa kunnensa na dama da yatsa. Sai ta matsa, ta dafa kafaɗar tsohon, ta kai bakinta daf da kunnen da ya rage masa, ta ja numfashi irin na mai waƙa, ta faɗa da dukan muryarta, har masu wucewa a titi suka tsaya.

"Na yafe maka, Mba! Tashi!"

Ya ɗago kai a hankali, fuskarsa jiƙe da hawaye.

"Na ji," ya ce.